TURJIYAR WAYA DA TURJIYAR ASALIN ƘARFE: ABIN DA KE RAGE WA WUTAR LANTARKI ƘARFI KAFIN TA ISA GIDA

Gabatarwa

A unguwannin cikin birnin Kano, kamar Dukawuya da maƙwabtanta, abu ne sananne a sami gidaje biyu da suka jawo wuta daga falwaya ɗaya, amma fanka na juyawa sosai a gidan da ke bakin titi, a gidan da ke can ƙarshen lungu kuwa sai ta riƙa juyawa da ƙyar, firji ya wuni yana gurnani bai sanyaya ruwa ba. Yawancin mutane sukan ɗora laifin a kan kamfanin wuta, su ce wutar da aka kawo ba ta da ƙarfi, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai idan gidajen biyu a layi ɗaya suke, daga taransifoma ɗaya, to, dole a nemi dalilin bambancin a cikin wayar da ta tashi daga falwaya ta shiga kowane gida.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana abubuwa biyu da ke hukunta yadda waya ke ɗaukar wuta, waɗanda ɗalibai kan rikita su domin sunayensu sun yi kama da juna. Za a kira na farko turjiya, na biyu kuma turjiyar asali. Turjiya siffa ce ta wani yanki na waya, mai tsawo kaza da kauri kaza. Turjiyar asali kuwa hali ne na ƙarfen da aka yi wayar da shi, ko da wane irin tsawo ko kauri aka ba shi. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wanda ya rarrabe waɗannan abubuwa biyu zai iya yin lissafin wayar da ta dace da gida ko ofis, ya kuma gane jabun waya tun kafin a binne ta cikin bango.

Ma'anar Turjiya

Wutar lantarki kwarara ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilaktaron, waɗanda ke cikin kowane ƙarfe tun asali. Ba sa kwarara sai an tura su. Ƙarfin da ke tura su ana auna shi da bolt, yawan abin da ke wucewa ta cikin waya a kowace daƙiƙa kuma ana auna shi da amfiya. Wutar da ake rabawa gidaje a Nijeriya an tsara ta ne a kan bolt 230.

Babu ƙarfen da ke barin ƙwayoyin nan su wuce haka kawai a yanayin zafin da mutane ke rayuwa a ciki. Kowace waya tana turjewa gwargwado, kuma wannan turjewa ita ake aunawa da om. An samo sunan ma'aunin daga Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta a ƙasar Jamus, wanda a shekarar 1827 ya wallafa littafin da ya nuna cewa idan zafin waya bai sauya ba, kwararar da ke bin ta tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfin da ya tura ta: a ninka turi, kwarara ta ninka. Masanan ƙasarsa ba su karɓi aikin da hannu biyu ba da farko, sai a 1841 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Ingila ta ba shi lambar girma, sa'an nan a 1881 taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya.

Ƙa'idar Ohm a taƙaice ita ce: a raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne om. Alal misali, dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 yana jan kimanin amfiya 4.3 a kan bolt 230, saboda haka turjiyarsa kimanin om 53 ce. Haka kuma ana iya juya lissafin: idan amfiya 10 ta bi ta cikin waya mai turjiyar om 1, to, bolt 10 ya salwanta a cikin wayar, na'urar da ke can ƙarshe ba za ta sami komai ba sai ragowar.

Ya kamata a lura cewa ƙwayoyin ilaktaron ba sa ƙarewa a hanya. Adadin da ya shiga waya shi ke fita. Abin da ke raguwa shi ne ƙarfin turin, kuma yana komawa zafi ne. James Joule na ƙasar Ingila ya gano ma'aunin wannan zafi a tsakanin 1840 da 1841: a ninka amfiya da kanta, sa'an nan a ninka da om, abin da ya fito shi ne wat na zafi. Ma'anar wannan ita ce idan kwarara ta ninka sau biyu, zafi zai ninka sau huɗu. Za a sake komawa ga wannan ƙa'ida a gaba, domin ita ce tushen hasara da gobara.

Tsawo da Kauri

Wanda ya saba fitowa daga cikin gari ta Ƙofar Dukawuya zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya san abubuwa uku da ke jinkirta taron jama'a a hanya. Na farko tsawon lungu, domin lungu mai tsawo ya fi gajere cin lokaci da ƙarfi. Na biyu faɗinsa, domin inda mutum biyu kaɗai ke iya jerawa ba zai ɗauki jama'ar da titi zai ɗauka ba, kuma dalilin da ya sa aka faɗaɗa da yawa daga ƙofofin ganuwa ke nan bayan zuwan motoci. Na uku shi ne irin ƙasar da ake takawa, ko kwalta ce, ko rairayi, ko taɓon damina. Abubuwan nan uku su ne ke hukunta turjiyar waya, watau tsawonta, da kaurinta, da irin ƙarfenta.

Game da tsawo, lissafin a miƙe yake. Waya mai mita 20 tana da turjiya ninki biyu na mai mita 10, idan kaurinsu da ƙarfensu ɗaya ne. Abin da akan manta shi ne wuta na buƙatar hanyar zuwa da ta komowa, saboda haka gidan da ke nesa da falwaya da mita 60, wayar mita 120 wutarsa ke bi.

Game da kauri kuwa, abin da ake nufi shi ne faɗin fuskar ƙarfen idan aka yanke waya aka dubi bakin yankan, ban da robar da aka lulluɓe ta da ita. Ana auna shi da murabba'in milimita, kuma shi ne lambar da masu aikin wuta ke faɗa idan sun ce waya 1.5 ce, ko 2.5, ko 4, ko 6, ko 10, ko 16. Idan wannan faɗi ya ninka, turjiya na komawa rabi. A nan akwai tarko ga ido. Waya 1.5 mai sili ɗaya faɗinta daga gefe zuwa gefe milimita 1.38 ne, ta 2.5 kuma milimita 1.78. Bambancin bai kai rabin milimita ba, ido ba ya kama shi cikin sauƙi, alhali turjiyar ta farko ta ɗara ta biyu da kashi biyu cikin uku.

Akwai tambaya da ke yawan kayar da ɗalibai a jarrabawa, wadda maƙerin azurfa zai fi su saurin ganewa. Maƙeri kan ja sandar azurfa ta cikin ƙananan huda har ta zama siririyar waya. Idan ya ja ta har tsawonta ya ninka, me zai sami turjiyarta? Ɗalibi mai gaggawa zai ce ta ninka sau biyu. Amma azurfar ba ta ƙaru ba, don haka abin da aka samu a tsawo an rasa shi a kauri: tsawo ya ninka, kauri ya koma rabi, turjiya ta ninka sau huɗu. Duk da haka azurfa tana nan azurfa. Wannan abin da ja da bugu da yanka ba su taɓa ba shi ne turjiyar asali.

Turjiyar Asali

Idan ana so a gwada ƙarafa biyu bisa adalci, dole a daidaita tsawonsu da kaurinsu da zafinsu. Saboda haka masu aikin wuta sukan ɗauki waya mai tsawon mita 1, mai kaurin murabba'in milimita 1, a zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, su auna turjiyarta. Abin da aka samu shi ne turjiyar asalin wannan ƙarfe. Ga kimanin adadin ga wasu ƙarafa:

Azurfa: 0.016
Jan ƙarfe: 0.017
Zinariya: 0.022
Alminiyon, wanda maƙera ke kira sanholo: 0.028
Tangistan, ƙarfen silin tsohon ƙwan lantarki: 0.055
Baƙin ƙarfe: 0.10
Dalma: 0.21
Nikirom, ƙarfen cikin hita da dutsen guga: 1.10

Littattafan kimiyya sukan ba da adadin nan da ma'aunin om-mita, inda na jan ƙarfe ke zama 1.72 × 10⁻⁸. Adadi ɗaya ne, ma'aunin kauri kawai aka sauya daga milimita zuwa mita. Abin lura a nan shi ne ma'aunin turjiya om ne, na turjiyar asali kuwa om-mita, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abubuwa ne daban-daban.

Dangantakar da ke tsakaninsu ana rubuta ta da haruffan da masana suka yi ittifaƙi a kansu:

R = ρ × L ÷ A

R ita ce turjiya, ρ (harafin Girkanci mai suna ro) turjiyar asali, L tsawo, A kuma kauri. Watau a ninka turjiyar asali da tsawo, a raba da kauri. Alal misali, mita 100 na jan ƙarfe mai kauri 2.5: a ninka 0.0172 da 100, a sami 1.72, a raba da 2.5, a sami om 0.69.

Daga wannan lissafi za a ga cewa ƙarfe mai ƙarancin turjiyar asali na iya ba da waya mai turjiya da yawa idan aka siranta shi aka tsawaita shi, haka kuma ƙarfe mai turjiyar asali da yawa na iya ba da waya mai sauƙin bi idan aka kaurara shi. Saboda haka tambayar da akan ji a kasuwa, wai jar waya da farar waya wace ce ta fi, ba ta da amsa sai an faɗi kaurin kowace. Alminiyon mai kauri 16 da jan ƙarfe mai kauri 10 kusan turjiyarsu ɗaya.

Har ila yau, ba kullum ake neman ƙarancin turjiya ba. A cikin hitar dafa ruwa zafi ake so, shi ya sa ake amfani da nikirom, gamin ƙarfen da Albert Marsh na Amurka ya yi wa rajista a 1906. Turjiyar asalinsa ta ninka ta jan ƙarfe fiye da sau 60. Domin a sami om 53 na hita mai wat 1,000, kimanin mita 10 na nikirom mai kauri 0.2 ya wadatar, alhali da jan ƙarfe ne mai wannan kauri, sai an naɗe fiye da mita 600. Kwarara ɗaya ce ke bin igiyar hita da kuma silin cikinta, amma igiya na zama da sanyi, sili ya yi ja, domin zafi yana taruwa ne inda turjiya ta taru.

Abin da Ke Sauya Turjiyar Asali

An ce hali zanen dutse, amma halin ƙarfe abu biyu na iya taɓa shi, watau gami da zafi. Dalilin yana cikin ginin ƙarfen. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu, ilaktaron kuma na ratsawa ta tsakaninsu. Duk abin da ya ɓata tsarin sahun yana karkatar da ilaktaron, ya rage musu tafiya.

Gami shi ne shigar baƙon abu cikin sahu. Jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya, irin wanda maƙeran Bida suka shahara da shi, turjiyar asalinsa ta kusa ninka ta tsantsar jan ƙarfe sau huɗu, ko da yake mafi yawansa jan ƙarfe ne. An fara ganin muhimmancin wannan a lokacin da ake shirin shimfiɗa wayar tangaraho a ƙarƙashin Tekun Atlantika. A 1857 William Thomson, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya auna wayoyin jan ƙarfe daga masana'antu daban-daban, masu kauri ɗaya, ya tarar wata ba ta ɗaukar wuta sai kusan rabin abin da wata ke ɗauka. Ya matsa lamba har aka fara auna kowane naɗi kafin a karɓe shi. A 1913 aka tsayar da ma'auni na duniya ga tsantsar jan ƙarfe, wanda har yau da shi ake gwada ingancin waya.

Zafi kuwa yana sa ƙwayoyin zarra su riƙa karkarwa a inda suke, hanya ta ƙara wuya. Humphry Davy ya lura da haka tun 1821. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, wayar da ke cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano tana fara aiki ne da zafinta tun kafin a kunna komai. Idan ta kai digiri 70, wanda shi ne iyakar abin da robar waya ta gama-gari aka yi ta ta jure, turjiyarta ta ƙaru da kimanin kashi 20 cikin ɗari a kan abin da aka auna a digiri 20. Tsohon ƙwan lantarki mai sili ya fi nuna wannan a fili: silinsa idan ya yi fari da zafi, turjiyarsa ta ninka ta lokacin sanyi fiye da sau goma, kuma shi ya sa irin ƙwan nan ya fi ƙonewa a daidai lokacin da aka kunna shi. A ɗaya gefen kuma, a 1911 Kamerlingh Onnes na ƙasar Holan ya sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungum.

Daga Kainji Zuwa Bakin Lungu

Wutar da ke shiga gidajen Kano daga nesa take zuwa. Madatsar Kainji ta fara ba da wuta a 1968, ta Shiroro kuma a 1990, kuma manyan layuka masu bolt 330,000 ne ke ɗauko wuta ta Kaduna zuwa tashar Kumbotso. Daga nan a sauke ta zuwa bolt 132,000 domin tashoshi irin su ta Ɗan'agundi da ta Dakata, sa'an nan 33,000, sa'an nan 11,000, har taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa abin da gida zai iya amfani da shi. Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ita ke riƙe da wannan aiki duka a dā. An mayar da ita PHCN a 2005, kuma tun 2013 rabon wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa yana hannun kamfanin KEDCO, manyan layuka kuma suna hannun kamfanin TCN.

Injiniya ba shi da ikon rage tazarar da ke tsakanin Kaduna da Kano, wadda ta haura kilomita 200, watau L ta fi ƙarfinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi ƙarfe, ya zaɓi kauri, ya kuma rage kwarara. Rage kwarara shi ne dalilin ɗaga bolt. Idan aka ninka bolt sau goma, ana iya aika wuta mai yawa ɗaya da kashi ɗaya cikin goma na amfiya, kuma bisa ƙa'idar Joule hasarar zafi za ta koma kashi ɗaya cikin ɗari.

Wajen zaɓen ƙarfe kuwa, manyan layukan nan na alminiyon ne da aka murɗa a kan silin ƙarfe mai ƙwari, duk da cewa jan ƙarfe ya fi shi ƙarancin turjiyar asali. Dalilin shi ne nauyi da kuɗi. Domin alminiyon ya yi daidai da jan ƙarfe wajen turjiya, sai an ƙara masa kauri da kimanin kashi 60 cikin ɗari, amma jan ƙarfe ya fi shi nauyi fiye da sau uku, saboda haka ko bayan ƙarin kaurin, nauyin wayar alminiyon rabin na jan ƙarfe ne kawai. A sararin sama kauri ba ya damun kowa, nauyi ne ke karya turaku. A cikin bango kuwa, inda bututu ke da iyaka kuma mahaɗai ke da yawa, jan ƙarfe ne ya dace.

Lissafin Gidan Ƙarshen Lungu

Yanzu sai a ɗauki gidan da ke nesa da falwaya da mita 60, watau mita 120 zuwa da komowa, wanda da maraice ke jan amfiya 20 idan an haɗa firji da fankoki da dutsen guga da injin jan ruwa. A ƙaddara cewa bolt 230 cif ne a kan falwaya.

Idan aka jawo wutar da jan ƙarfe mai kauri 10, ko alminiyon mai kauri 16, turjiya kimanin om 0.21 ce. Bolt 4 ne zai salwanta, gida ya sami 226, zafin da ke tashi a hanya kuma kimanin wat 83.

Idan mai gida ya nemi sauƙi ya sa jan ƙarfe mai kauri 2.5, turjiya ta zama om 0.83. Kusan bolt 17 zai salwanta, gida ya sami 213, wat 330 kuma ya tafi wajen ɗumama lungu. Idan aka yi awa biyar a haka kullum, a wata an yi hasarar kusan yunit 50. In mita tana kan falwaya, mai gida ne ya biya wutar da bai sha ba.

Idan kuwa abin da aka sayar masa da sunan 2.5 alminiyon ne da aka shafa wa jan ƙarfe a waje, kuma ainihin kaurinsa 1.5 ne, to, an cuce shi ta fuska biyu, an ƙara ρ an rage A. Turjiya ta zama om 2.24. Kimanin bolt 45 zai salwanta, gida ya sami 185, wayar kuma ta riƙa fitar da zafin kusan wat 900, kwatankwacin dutsen guga da aka bari a kunne. Injin firji da na jan ruwa ba sa jure ƙarancin bolt. Sukan kasa tashi, su ja amfiya fiye da ƙima, su ƙone. Mafi hatsari kuma shi ne makatsar wuta da ke bakin mita ba za ta katse ba, domin amfiya take ƙirgawa, amfiya 20 kuwa ba ta wuce abin da aka saita ta a kai ba. Ba ta da labarin cewa roba na narkewa a cikin silin.

Haka abin yake ga mahaɗin da ba a ɗaure sosai ba. Inda aka murɗa waya biyu da hannu aka naɗe da salatif, wurin da ƙarafan suka taɓa juna ƙarami ne, watau A ta ƙanƙance a wuri ɗaya, zafi ya taru a nan. Alminiyon ya fi muni a wannan fanni, domin fuskarsa na yin wata fata da ba ta ɗaukar wuta da zarar iska ta taɓa ta, kuma idan aka murɗa shi da jan ƙarfe, laimar damina na sa mahaɗin ya ci kansa. Amurka ta ɗanɗana wannan: daga wajen 1965 zuwa 1973, lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, an yi wa gidaje masu yawa wayarin da alminiyon, daga baya zafin mahaɗai da gobara suka sa aka bar wannan hanya.

Yadda Ake Gane Waya

Tun da turjiyar asalin jan ƙarfe sananniya ce, auna turjiyar naɗin waya ya isa ya tona asirinsa. Ƙa'idar duniya ta ƙera waya ta ce jan ƙarfe mai kauri 2.5 kada ya wuce om 7.41 a kilomita, mai kauri 1.5 kuma kada ya wuce om 12.1. Ke nan naɗin mita 100 na 2.5 bai kamata ya wuce om 0.74 ba, na 1.5 kuma om 1.21. Mai aunawa ya fara haɗa bakunan na'urarsa biyu ya ga abin da suka nuna, ya debe shi daga sakamako, ya kuma tabbatar da tsawon naɗin, domin naɗin da aka rage wa tsawo zai nuna ƙarancin turjiya na ƙarya.

Sikeli ma shaida ne. Jan ƙarfen da ke cikin mita 100 na 2.5 nauyinsa kimanin kilo 2.2 ne ban da roba, alhali alminiyon mai wannan girma bai kai kilo 0.7 ba. Bayan haka, a kankare sili da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, shafe ne. A kusanto da maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rina, wanda turjiyar asalinsa ta ninka ta jan ƙarfe kusan sau shida. Kaurin roba ba hujja ba ne, domin masu jabu da roba suke cike gurbin ƙarfen da suka rage.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke da alhakin tantance waya, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ayyukan wayarin da ba masu yin su shaidar ƙwarewa. Amma hukuma ba ta tsayawa a kan kowane naɗi. Ma'aikacin da ke rubuta takardar kwangilar wayarin makaranta ko asibiti ko ofis, idan ya rubuta "waya 2.5" ya tsaya, ya bar ƙofa a buɗe. Abin da ya dace shi ne ya ambaci irin ƙarfe, da kauri, da iyakar om a kilomita, sa'an nan ya sa a auna abin da aka kawo kafin a sa hannu a takardar biya. Wannan shi ne abin da Thomson ya nema a 1857.

Kammalawa

An ga cewa turjiyar asali hali ne na ƙarfe, wanda gami da zafi kaɗai ke sauyawa, turjiya kuwa sakamako ne na wannan hali idan aka haɗa shi da tsawo da kauri. Ɗalibi ya riƙe cewa ja ko yanka ko ninke waya na sauya R amma ba ya taɓa ρ. Mai gida a Dukawuya, ko a kowace unguwa mai dogayen lunguna, ba zai iya matso da gidansa kusa da falwaya ba, amma zaɓen ƙarfe da kauri yana hannunsa, kuma duk mitar da ta ƙaru a tsawo tana neman a biya ta da kauri. Araha ba ta ado: kuɗin da aka rage wajen sayen waya sau ɗaya ake rage shi, hasarar yunit da ƙonewar injuna kuwa suna nan muddin wayar tana cikin bango. Kafin a ɗora wa kamfanin wuta laifi, ya dace a auna bolt a bakin falwaya, a kuma auna shi a cikin gida lokacin da aka kunna kaya. Bambancin adadin biyu, idan aka raba shi da amfiyar da gidan ke ja, shi ne turjiyar wayar da mai gida ya saya.